Ƙyauren Baba a Zauren Baje Koli

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baban yara da duk wanda ke ƙarƙashin rufinku. Yaya ƙafar? Babbar 'yarki ta gaya mini likita ya hana ki hawa bene, kika ce masa to sai ya zo ya sauko miki da ɗakin naki ƙasa. Na yi dariya har da hawaye, na ce Yaya dai tana nan yadda na san ta. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne, Ya bar mana ke. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. Maigidana tun da ya bar aiki ya ɗora wa rediyon gidan nan karan tsana, kullum sai ya kwance ta ya ɗaure, ita kuwa ba abin da ya same ta. 'Yata ma'aikaciyar asibiti an mai da ita aikin safe, yanzu muna ganinta. Jikata ta zubar da haƙoran gaba biyu, ta daina dariya a gaban baƙi. Bishiyar lemon da kika ce a sare ta yi 'ya'ya bana har muna rabawa maƙwabta.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, don rabona da in cika takarda da biro tun rasuwar ƙanenmu Auta. Dalili biyu ne ya hana ni kiran ki. Na farko, ke ba kya amsa waya sai kin buɗe murya kowa na ji, Baban yara kuwa kullum yana kujerar da ke gefenki. Na biyu, ni yanzu tsoron waya nake ji, za ki ga dalili a gaba. Shi ya sa na ba matar maƙwabcinmu da ke tahowa garinku, na ce ta danƙa miki hannu da hannu. Don Allah ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa kafin ki ci gaba da karantawa, kuma ki zauna.

Maganar ƙyauren Baba ce, wanda ke tsakanin ɗakin ɗinki da tsakar gida. Na san kin fi ni saninsa, amma ki bar ni in faɗa, don kwanakin nan na ji baƙi suna bayaninsa ba daidai ba har na gaji. Baba ba ya rubuta awon 'ya'yansa a littafi kamar na masu kawo ɗinki. Duk shekara idan an kusa komawa makaranta sai ya jera mu, kowa ya jingina bayansa da ƙyauren, ya buga 'yar ƙusa daidai kafaɗa, ya naɗa mata zare. Ba ya auna kai, wai shi riga yake ɗinkawa ba hula ba. Daga nan har shekara ta zagayo ba ya sake kiran kowa awo, tef kawai zai ɗora daga ƙusa zuwa ƙasa ya yanka yadinsa. Ke jan zare, ni kore, Auta shuɗi. Ke ce mai ɗaga dunduniya don ki ƙara tsawo, shi kuma ya dafa kanki ya mai da ke ƙasa yana cewa yadi ba kyauta ake ba shi ba. Da kika haifi Tsigi ta fara tsayuwa da ƙafarta, ya ɗauko rawaya ya ce wannan na jikarsa ne. Ƙusa uku kawai ta samu. Bayan Baba ya rasu, Auta ya bi shi, ɗansa Dogo ya dawo hannuna yana shekara biyar, ni na ci gaba da bugawa. Baƙin zare ne a kan keke ran nan, shi na naɗa masa. Ƙusa goma sha uku na buga wa yaron nan da hannuna, ta ƙarshe sai da na taka kujera.

Kin san yadda na tsaya wa Dogo. Lokacin da kowa ke cewa zane ba sana'a ba ce, har da ke, ni na ce a ƙyale shi. Ni na ba shi ɗakin ɗinkin Baba ya mai da shi wurin aikinsa, na sha warin fenti shekara shida ban ce uffan ba. Da ya fara suna, ana kiransa nan da can, ya kama nasa wurin a cikin gari, ba wanda ya kai ni baza labari. Ko mai sayar da gawayi ya tsaya a ƙofa sai ya ji cewa ɗana mai zane ne. Ban taɓa ce masa ɗan ƙanena ba, ɗana nake cewa, shi ma bai taɓa kwana biyu bai leƙo ya ce Gwaggo me za a kawo miki ba. Ina faɗa miki wannan ne don ki gane cewa ba baƙo ne ya shigo mana gida ba.

Wata biyar da suka wuce, ina murmurewa daga zazzaɓin nan da na gaya miki, ya zo ya durƙusa ya nuna mini gindin ƙyauren, ya ce gara ta fara ci. Gaskiya ne, na gani da idona. Ya ce yana da wani kafinta da ya iya maganinta, zai kai a gyara a dawo da shi cikin mako uku. Amma kafin a ɗauka yana so in gaya masa kowane zare na wane ne da shekarar da aka buga kowace ƙusa, ko da wata za ta faɗi a wurin aiki a san inda za a mai da ita. Na ce wannan tunani ne mai kyau. Ya ajiye wayarsa a kan tebur, ya ce za ta ɗauki maganar don kada ya manta. Yini uku yana zuwa da hantsi, ya haɗa mini shayi, ni kuma kin san ni da baki idan na sami mai saurare. Na ba shi labarin ɗaga dunduniyarki, da shekarar da Auta ya yi tsawo har Baba ya zarge shi da tsayawa a kan bulo. Muka yi ta dariya.

A rana ta uku ya sa yatsa a kan zaren rawaya, ya tambaye ni me ya sa Baban yara bai zo jana'izar Baba ba. Ya ce tun yana ƙarami yake jin ana raɗa cewa sakacin kakansa ne ya kashe jikarsa, kuma abin yana ci masa rai, don duk hoton Baba da ya kalla ba ya ganin mai sakaci. Yaya, nan ne zuciyata ta karye. Na ce masa ya kashe wayar tukuna. Ya miƙa hannu ya kife ta a kan tebur, fuskarta ƙasa. Ni a sanina idan an kife waya, magana ta ƙare, kamar yadda ake kife kwano idan an gama. Ban san kifaffiyar waya tana da kunne ba.

Ki gafarce ni da zan rubuta abin da ba mu taɓa furtawa ba ko tsakaninmu, amma dole ki san iyakar abin da ya fita. Na gaya masa cewa ran nan ke kika buɗe murfin tankin ruwa na bayan gida za ki ɗauraye yadi, wata mai kawo ɗinki ta yi sallama a shago, kika tafi auna ta kika bar shi a buɗe, Tsigi ta faɗa ciki. Na gaya masa cewa kafin maƙwabta su shigo, Baba ya riƙe hannunki ya riƙe nawa, jikinsa duk a jiƙe, ya ce shi ne ya bar murfin a buɗe, kuma duk wadda ta faɗi wani abu daban bai yafe mata ba. Na gaya masa Baban yara ya yi shekara tara bai gaishe da Baba ba, ya ɗauke ki kuka bar garin, Baba kuma ya tafi kabari da laifin da ba nasa ba, bai taɓa ko tsaki ba. Shekara talatin da shida na riƙe maganar nan, ko maigidana bai sani ba. Na sauke ta ne a gaban yaron da na goya, don ina so a samu mutum ɗaya a bayanmu da zai san wane ne Baba. Ya yi kuka, na yi kuka, ya rantse mini maganar za ta tsaya a ɗakin. Washegari mota ta zo ɗaukar ƙyauren, ya miƙo mini wata takarda ya ce ta direba ce, in sa hannu cewa da izinina aka fitar da kaya daga gidan. Tabarau ɗina yana ɗaki, na sa hannu a tsaye.

Mako uku ya zama wata uku. Duk na tambaya sai ya ce maganin gara ba ya son gaggawa. Ana nan sai ga shi da katin gayyata mai kauri, ya ce an buɗe babban baje kolin ayyukan masu zane na zamani, an ba shi zaure guda shi kaɗai, yana so ni da maigidana mu je ranar buɗewa da la'asar. Na ɗinka sabon kaya saboda ranar, kin ji wauta.

Wurin yana tsohuwar unguwar sito-sito ta bayan tashar jirgin ƙasa, inda Baba yake tura mu ɗauko bandir ɗin yadi. Wallahi ba za ki gane ta ba. Inda da sai ɓera da warin man inji, yanzu duk bangon an zane shi tun daga ƙasa har sama. Akwai fuskar wata mata da ta cinye bene hawa huɗu, idonta ɗaya ya fi ƙofar gidanmu girma. A bakin titi an ƙera raƙumin dawa da salansar babura, yara da manya suna layin ɗaukar hoto a ƙarƙashinsa. Kowane sito an mai da shi wurin kallo, tsakaninsu kuma shagunan littattafai da wuraren shan shayi, matasa sun cika ko'ina da tabarau da yagaggun wanduna, waɗanda da Baba ya gani sai ya ce a kawo ya cike musu kyauta. Mun shiga wani ɗaki mai duhu inda fitilu ke zubowa kamar ruwan sama, na riƙe rigar maigidana kamar ƙaramar yarinya. Wani ɗakin takalma ne kawai a rataye daga rufi, sun fi ɗari. Na ga tulin karyayyun kujeru a wani lungu, har na buɗe baki zan ce masu shara sun yi sakaci, sai na ga an sa masa suna da fitila. Maigidana kuwa ya gaji ya zauna a kan wani benci, mai gadi ya zo da ladabi ya tashe shi, wai a kan aikin wani ya zauna. Ban ɓoye miki ba, na ji daɗin yawon. Akwai zanen hannuwan wata tsohuwa tana zura zare a allura da na tsaya a gabansa na kasa tafiya, sai na ce a raina ashe abin da Dogo ke faɗa gaskiya ne, aikin nan yana taɓa mutum.

Da wannan farin cikin na shiga zaurensa. Ɗaki ne fari fat, ba komai a ciki sai abu ɗaya a tsakiya, a tsaye shi kaɗai, fitila ta haske shi ta sama. Ƙyauren Baba ne, da tabon man keke a gefensa, da gurbin da kika ƙona da dutsen guga. An ja layi a ƙasa kewaye da shi, wai kada a ƙetare. A bango an rubuta cewa ƙusoshin tsawon yaran wani gida ne, shekara bayan shekara, mutane kuwa suna tsayawa daga nesa suna gwada kansu da su, na ji wani yana ce wa matarsa ashe mutanen gidan gajeru ne. Ko kafaɗa da kai Dogo bai tsaya ya bambance musu ba. Na ji haushin ƙaryar da ya yi mini ta kafinta, amma in gaya miki gaskiya, har da alfahari a ciki. Na ce a raina yau ga Baba, telan lungu, manyan gari sun yi layi suna kallon aikin hannunsa. Da a nan abin ya tsaya, da na ja kunnen Dogo na yafe masa kafin mu isa gida.

Sai na lura da wasu abubuwan saƙalawa a kunne, irin na masu jin waƙa, guda shida a rataye a bango. Duk wanda ya saka sai ya yi tsit yana kallon ƙyauren. Wata budurwa ta cire nata tana share hawaye da bayan hannu, ta miƙo mini. Na hango Dogo can ƙarshen zauren, mutane sun kewaye shi, muka haɗa ido ya kau da kai. Na saka. Abin da na fara ji tarina ne, da ƙarar cokali a kofin shayi. Sannan muryata, tana ba da labarin dunduniyarki. Na ce wa kaina ai zai tsaya a nan. Bai tsaya ba. Na ji kaina ina ce masa ya kashe wayar, na ji ƙarar kifa ta a kan tebur, ko wannan bai yanke ba, ya bar shi don daɗin labari. Daga nan na ji komai, Yaya, da murfin, da mai ɗinkin, da jiƙaƙƙiyar rigar Baba, da Baban yara. Babu sunan kowa, amma Yayata nake ta cewa, sunan Dogo kuma ga shi da manyan baƙaƙe a bakin ƙofa. Duk wanda ya san shi ya san yayar ubansa guda ɗaya ce bayan ni. Da na juya, maigidana yana tsaye a gefena da nasa a kunne. Jakata kawai ya karɓa ya riƙe, ya kama hannuna ya fitar da ni ta cikin mutane, har muka iso gida bai saki ba.

Washegari da safe Dogo ya zo. Na zaci durƙusawa zai yi, sai ya zauna a kujera ya fara yi mini bayani kamar ɗaya daga cikin masu kallonsa. Ya ce don ya wanke sunan Baba ya yi. Ya ce aikin mai zane shi ne ya fito da abin da gidaje ke binnewa, wai ɓoyo ne ya raba zuri'armu, gaskiya kuwa magani ce. Ya ce wannan ne aiki mafi kyau da ya taɓa yi a rayuwarsa. Na tambaye shi me ya hana ya nemi izinina, ya ce don ya san ba zan yarda ba. Na ce to ai ka amsa wa kanka. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin fuskarki idan aka ambaci ruwa, ko ya san har yau ba kya barin bokiti a buɗe ko da babu yaro a gida. Ya sunkuyar da kai, na ɗauka ya ji. Ashe shirin faɗa mini sauran yake yi. An zaɓi aikin a kai shi garuruwa uku, garinku ne na farko, farkon watan jibi. Ya riga ya aika wa babbar 'yarki gayyata, ita kuma cikin murna ta ce za ta kwaso ku duka, har Baban yara, ba tare da ta gaya muku abin da za ku gani ba, don ku yi mamakin ganin ƙyauren gida. Ita ba ta san abin da ke cikin kunnen ba, baiwar Allah.

Na roƙe shi, Yaya. Ni da na yi masa wanka, na ce ya bar ƙyauren ya tafi duk inda zai tafi, ya cire muryar kawai. Ya ce idan an cire muryar katako ne ya rage. Na je wurin matar da ke shugabantar gidan baje kolin, mace mai kirki, ta ba ni kujera da ruwa ta saurare ni har na gama. Sannan ta buɗe wani fayil ta nuna mini takardar direban nan, da sa hannuna a ƙasa. Ashe a ciki na ba da ƙyauren, na ba da muryata, a nuna a ko'ina. Ta ce ba wanda ke da ikon canza aiki sai mai shi, amma za ta yi masa magana. Don ta kwantar mini da hankali har ta nuna mini littafin da baƙi ke rubutu, wai mutane da yawa sun ce suna fita suka kira iyayensu. Na ce mata madalla, ni kuma ta dalilinsa na kasa kiran yayata.

Ranar Talata da hantsi, lokacin da ba mutane, na buɗe aljihun keken Baba na ɗauki 'yar filayarsa da yake cire karyayyiyar allura, na sa a jaka na hau mota ni kaɗai. Mai gadin zauren dattijo ne, sa'anmu. Ina yi masa sallama ya ɗago kai da sauri ya ƙura mini ido, don ya sha sakawa a kunne idan ba kowa, ya gane muryar. Na ce masa ƙyauren mahaifina ne, akwai abin da na zo ɗauka. Ya dubi jakata, ya dube ni, sai ya ce bari ya je ya duba wata taga da ba ta rufuwa sosai. Ya tafi can ƙarshen zauren ya juya mini baya. Na ƙetare layinsu, na durƙusa, don kin san ƙusoshin Tsigi a ƙasa suke, ta ƙarshen ma ba ta kai ƙuguna ba. Biyu sun fito da sauƙi. Ta ukun ta yi tsatsa ta kama katako, sai da ta yanke ni a babban yatsa. Ina miƙewa idona ya faɗa kan baƙin zare, goma sha uku, sun hau har sama da kaina. Filayar tana hannuna, na daɗe ina kallonsu. Na bar masa abinsa, ya yi ta yawo da su gari gari, ko wata rana zai tuna wa ta taka kujera ta buga.

Na dawo gida ina jiran ya zo da faɗa. Wallahi so nake ya zo ya ɗaga mini murya, ya ce na ɓata masa aiki, don in san akwai abin da ya yi masa zafi kamar yadda ya yi mini. Bai zo ba. Bayan kwana uku 'yata ta dawo daga asibiti ta nuna mini hoto a wayarta. Sun ƙara wata 'yar fitila ta musamman tana haska ramuka ukun, sun kuma ƙara layi a bango cewa wata daga cikin iyalin ta zo da kanta ta cire su. Dogo ya ce wa 'yata ta yi mini godiya, wai Gwaggo ta ƙarasa masa aikin, ramukan sun fi ƙusoshin magana. Layin masu kallo har ya fi na da. Ranar ban yi kuka ba. Na shiga ɗakin ɗinki na zauna a kujerar Baba ina kallon labulen da na rataya a gurbin ƙyauren, na san cewa yaron da na raina ba ya nan, ko da yake gobe ma zai iya sallama ya shigo.

To Yaya, ga inda muke. Ƙusa na iya cirewa, murya ta fi ƙarfina. Kina da mako shida. Za ki iya ce wa 'yarki ƙafa ta hana ki, ku ƙi zuwa, amma garinku ne, akwai abokan Baban yara, akwai surukai, wani zai saka abin nan a kunne ya zo ya yi muku jaje. Ni a ganina gara ya ji daga bakinki, a ɗakinku, da ya ji daga bakina a tsakiyar baƙi. Amma ba ni da bakin ba ki shawara, ni da na kasa riƙe abu ɗaya da Baba ya ba ni ajiya. Ya ɗauki shekara tara na gaba da kunya don aurenki ya tsaya, ni na zubar a yini ɗaya saboda an haɗa mini shayi an saurare ni. Dogo ya ci amanata, wannan tsakanina da shi ne da Allah. Taki amanar kuwa a hannuna ta zube, ban da wanda zan ɗora wa. Idan kina so in zo in zauna a gefenki ranar da za ki faɗa masa, ki aiko da kalma ɗaya, zan hau mota ko gwiwata ta yarda ko ba ta yarda ba. Idan kuma ba kya son ganina, na fahimta, zan jira.

Ki gaishe mini da Baban yara da kyau, ki ce ina yi masa fatan alheri. Ki gaishe da babbar 'yarki da mijinta, kada ki yi mata faɗa, ba ta san komai ba. Ina gaishe da tagwayenki da matansu, da autarki mai karatun likita, da jikoki duka har mai sunan Baba. Maigidana yana gaishe ku, haka 'yata da jikata mai giɓi. Ban sa gaisuwar Dogo ba, don bai san na rubuto ba. Allah Ya ji ƙan Baba da Inna da Auta da Tsigi, Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya rufa mana asirin da ya rage.

A ƙasan ambulan za ki ga ɗan ƙyalle a ƙulle, ƙusoshin Tsigi uku ne a ciki. Zaren ya koɗe ta waje, amma idan kika warware kaɗan za ki ga cikinsa rawaya ne kamar ranar da Baba ya naɗa. Naki ne, ba wanda zai ƙara kallonsu sai da izininki. Ki buɗe a hankali, har yanzu suna da tsini.

Ƙanwarki,
mai koren zare.